Jirgin ruwa bisa raƙumi, taswira cikin aljihu

Duk wanda ya taɓa kwana a birnin Damagaram cikin bazara ya san garin ba na ruwa ba ne. Ba gulbi, ba kogi, sai manyan duwatsu da suka yi zaune tsakanin gidaje, da jarkoki jere a bakin pampo tun kafin asalatu. Teku mafi kusa tana can kudu, sai an ratsa Nijeriya dukanta kafin a gan ta. Saboda haka in aka ce za a yi ma mutanen wannan gari bayanin yadda matuƙan jiragen ruwa ke neman hanya a teku, wani zai ce ina ruwan biri da gada. Sai dai na'urar da matuƙan ke aiki da ita a yau, wato tabulet, wannan allon gilashi mai nuna taswira, ta riga ta shigo tashoshin motarmu. Tana hannun direbobin da ke ɗaukar kayan ƴan kasuwa zuwa arewa, tana cikin jakar ma'aikacin gwamnati da aka tura rangadi daji. Dukiyar wasu da rayukan wasu sun rataya gare ta, don haka ya kamata a san abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya. Ga shi kuma Damagaram ta daɗe da sanin jirgin ruwa da masu zanen taswira fiye da yadda ake zato.

Baƙin 1851

A shekarar 1850 wasu Turawa uku suka taso daga Tarabulus da sunan gwamnatin Ingila: James Richardson, wanda shi ne shugaban tafiyar, da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg. Cikin kayansu har da jirgin ruwa na katako da aka ƙera a tsibirin Malta, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa, aka ɗora ma raƙuma. Haka aka ratsa da shi Murzuk da Gat da duwatsun Abzin, nufinsu a kai shi tabkin Cadi. Da suka iso Damargu a watan Janairu na 1851 sai suka raba hanya. Richardson ya biyo ta Damagaram, ya sauka zamanin Sarki Ibrahim, lokacin da ƙasar ke bin Shehun Barno. Bai kai Kukawa ba, ajali ya cim masa bisa hanya a watan Maris. Jirgin kuwa ya isa. Overweg ya sa aka harhaɗa shi, ya raɗa masa suna Lord Palmerston, ya yi makonni yana yawo da shi tsakanin tsibiran Buduma, yana auna zurfin ruwa yana rubutawa. Shi ma a bakin tabkin ya rasu, a 1852. Barth ya zo Damagaram a ƙarshen wannan shekara, ya yi wajen wata guda a unguwar Birni kafin ya nufi yamma.

Mai yawo a Birni a yau, in ya bi lungunan da ke kewaye da fadar Sarki, yana duban zanen da magina suka yi ma fuskokin gidaje, zai iya tambaya a nuna masa inda Barth ya sauka. In ya gangara Zango, unguwar da ayarin Abzinawa da fataken Tarabulus ke sauke kaya a da, zai tuna cewa waɗannan baƙi, da duk agogonsu da kamfas ɗinsu, ba kasafai suke ɗaga ƙafa ba sai da jagora ɗan ƙasa a gaba. Su ke rubuta sunan rijiya, shi ke kai su bakinta.

Bayansu aka yi wata taswirar da ta shafi Damagaram kai tsaye. A 1898 Faransa da Ingila suka zauna a Turai suka shata iyaka bisa takarda, suka ja wani layi mai lanƙwasa, mil 100 kewaye da Sakkwato, ya zama rabon Ingila. Da sojan Faransa suka kama Damagaram a 1899, sai suka tarar hanyar da ta rage masu tsakanin kogin Kwara da wannan birni ta bi ta dajin da ba rijiyoyi. Layin ya yi kyau bisa takarda, amma raƙumi da ɗan Adam ba su shan tawada. Sai da aka sake zama a 1904 da 1906 aka gyara, sa'an nan aka turo kaftin Jean Tilho da abokan aikinsa, suka bi iyakar daga Kwara har tabkin Cadi tsakanin 1906 da 1909, suna auna taurari da dare, suna kafa alamu da rana. Iyakar da ɗan kasuwar Magariya ko Matamai ke ƙetarewa in za shi Kano, asalinta ke nan.

Yadda allon ke aiki

A tekunan duniya har yanzu akwai dubban ƙananan jirage masu tafiya da iska, wasu na tsere, wasu na yawon buɗe ido. Da can matuƙinsu na shimfiɗa babbar taswirar takarda bisa tebur, ya riƙe fensir da kamfas, ya lissafa gudun jirgi da awannin da aka yi, ya ɗiga alama ya ce muna nan. Yanzu da yawansu tabulet suke ratayewa kusa da sitiyari, a cikinta akwai manhajar taswirar teku irin su Navionics ko OpenCPN. Taswirar na nuna zurfin ruwa da lambobi, da duwatsun da ke ɓoye, da fitilun bakin gaɓa, jirgin kuma ya fito kamar ɗan kibiya yana tafiya bisa allon.

Abubuwa biyu ne ke haɗuwa a nan, kuma rashin bambanta su shi ne mafarin yawancin kurakurai. Na farko shi ne GPS. Taurarin ɗan Adam na Amurka, waɗanda ba su kasa 24 ba, suna kewaya duniya daga nisan wajen kilomita 20,000, kowane yana aiko da lambarsa da lokacin agogonsa. In na'ura ta ji guda huɗu, sai ta lissafa inda take. Tun watan Mayu na 2000, da Amurka ta daina dagula saƙon da gangan ga farar hula, kuskuren bai wuce ƴan mitoci ba. Rasha da Tarayyar Turai da Sin su ma suna da nasu taurarin, na'urorin yanzu kuma suna sauraren su gaba ɗaya. Wannan aiki bai bukatar rezo, bai cin kuɗin waya, tsakiyar teku da tsakiyar Tenere duk ɗaya ne gare shi.

Na biyu ita ce taswirar kanta. Tauraro bai san dutse ba, bai san rijiya ba, lamba kawai yake bayarwa. Mutum ne ya taɓa zuwa wurin, a wata shekara, ya auna, ya zana. Wasu sassan taswirar teku da ake gani bisa allon zamani, awonsu na ƙarni na 19 ne, da igiya mai dalma a baki aka yi shi. Ke nan na'urar na iya faɗa maka inda kake ba kuskure, ta ɗora ka bisa taswirar da ke da kuskure. Kuma ita taswirar sai an sauke ta cikin na'ura tun ana gari, inda akwai intanet. Wanda ya manta, in ya fita daji zai ga ɗan kibiyarsa na yawo bisa farin allo.

Matuƙan teku sun san sauran lahanin. Wasu tabulet ɗin, musamman waɗanda ba a sa masu katin waya, ba su da GPS a ciki sam. Hasken rana na dushe allon har ba a ganin komai. Zafi na sa na'urar ta kashe kanta. Batir na ƙarewa a lokacin da aka fi bukatarsa. In haka take a teku inda iska ke da sanyi, mai karatu ya auna yadda za ta kasance a gaban mota, bayan gilashi, tsakanin Tanut da Agadas cikin watan Afrilu.

Akwai kuma lahanin da ya fi waɗannan ɓoyuwa. Ran 29 ga Nuwamba 2014, cikin tseren kewaya duniya da ake kira Volvo Ocean Race, wani jirgi mai suna Vestas Wind yana bisa hanya daga Afirka ta Kudu za shi Abu Dabi. Da dare, yana gudun wajen kilomita 35 a awa, ya hau tudun murjani na Cargados Carajos, arewa maso gabas da tsibirin Moris, a tekun Indiya. Mutum tara ne ciki, ƙwararru, da na'urori masu tsada. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu, amma jirgin ya farfashe. Bincike ya nuna tudun na nan cikin taswirarsu. Abin da ya faru shi ne, in aka ƙanƙance taswirar don a ga hanya mai nisa, manhajar na ɓoye ƙananan abubuwa, sai an buɗa wurin sosai suke fitowa. Ba a buɗa ba. Taswirar takarda ba ta da wannan hali, abin da aka buga bisa kanta yana nan ko an duba ko ba a duba ba.

Tabkin da bai zama wuri ɗaya

Mai son ganin inda ɗan Damagaram ke shiga jirgi da gaske sai ya kama hanyar gabas. Daga birni a wuce Miriya da lambunanta, a wuce tabkunan Gidimuni da dabinonsu, a bi Gure da Maine-Sorowa da Difa, har Ngigmi inda kwalta ta ƙare, tafiyar wajen kilomita 600. Wannan hanya ce banda da tattasai ke biyowa zuwa kasuwar Dole da sauran kasuwannin ƙasar Hausa, kuma Hausawa da yawa, masunta da dillalai, sun yi shekaru suna cin abinci a bakin tabkin Cadi tare da Buduma da Barebari.

A farkon shekarun 1960 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, Ngigmi kuwa garin bakin ruwa ne. Bayan farin 1973 da na 1984 ruwan ya ja baya har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ɓangaren arewa, wanda shi ne namu, ya ƙafe, aka yi noma da kiwo inda ake jefa taru. Daga baya ruwa ya riƙa dawowa, wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan, gwargwadon abin da kogin Shari da Komadugu suka kawo. Tilho da kansa ya lura da wannan hali, har ya kasa tabkin gida uku: babban Cadi, matsakaici, da ƙarami. Awon da Overweg ya yi a 1851 gaskiya ne a ranar da ya yi shi. Na Tilho ma haka. Ba ɗaya daga ciki da zai fitar da kwale-kwale daga tsibiri zuwa gaɓa a bana.

Tabkin ba zurfi gare shi ba, ƴan mitoci ne, kuma cike yake da ciyayi masu tsawo da wasu tsibiran ciyawa da iska ke turawa daga wuri zuwa wuri. Hanyar da aka bi da inji bara, bana sai a tarar ta toshe. Manhajar da aka yi don tekun Bahar Rum ba ta da abin faɗi a nan. Abin da na'urar ke iya yi, kuma yana da amfani ƙwarai, shi ne ta riƙe sawun tafiyar da mutum ya yi da kansa, ta maido shi ta inda ya shiga in hazo ya rufe ko dare ya yi. Amma mai riƙe da gora a gaban jirgi, wanda ke duban launin ruwa da irin ciyawar da ta tsiro ya san zurfi, shi ne taswirar da ake sabuntawa kullum. Tun daga 2015, da hare-haren Boko Haram suka kai Boso da Difa aka kwashe mutanen tsibirai, an ƙara wani haɗarin da ba manhajar da ke zana shi. Labarinsa a bakin mutane ake samu.

Tekun rairayi

Hanya ta biyu ta arewa ce: Tanut, Agadas, daga nan Tenere. A nan ne aikin direba ya fi kama da na matuƙin teku, don ba kwalta, ba gari, sai sarari ko ta ina. Ayarin gishiri da ke zuwa Fashi da Bilma, wanda kantunsa ke ƙarewa a kasuwannin Damargu da Damagaram a musanya da hatsi, ya yi ɗaruruwan shekaru yana ratsa wannan wuri. Madugu na duban inuwa da rana, da dare ya dubi taurari, ya san fitowar kaza da ƴaƴanta, ya san yadda iska ke kwantar da rairayi, ya ƙirga kwanaki tsakanin rijiya da rijiya. Fataken goro na ƙasar Hausa su ma ba su tashi sai da jagaba a gaba.

Alamun hanya kaɗan ne, shi ya sa kowace ke da daraja. Itacen Tenere, wata ƙaya guda ɗaya tilo kusa da rijiya bisa hanyar Bilma, har cikin manyan taswirori an sa ta. A 1973 wata babbar mota ta kaɓe ta, aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinta. Ayarin motocin Berliet da ya ratsa Tenere a 1959 da 1960 ya kakkafa turakun ƙarfe, aikinsu ɗaya da na tulunan da ake ɗaurewa a teku don nuna mashiga.

GPS ya sauya wannan duka. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, samari daga kowace jaha, har da Damagaram, suka kwarara arewa, direbobi na karɓar lambobin wurare daga wayar juna. Da aka fara aiki da dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023, wasu direbobi suka bar sananniyar hanyar Dirku da rijiyoyinta don kauce ma jami'an tsaro, suka shiga inda ba mai bi, da ƙarfin zuciyar cewa na'ura na hannu. A da rashin sanin hanya kan hana mutum shiga inda bai sani ba. Na'urar ta cire wannan tsoro, alhali ba ta ƙara ko kofi ɗaya na ruwa cikin hamada ba.

Mutanen jahar Damagaram ba su bukatar a faɗa masu abin da hamada ke yi in mota ta tsaya. A ƙarshen Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, mafi yawansu daga yankin Kance. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ba ɓatan hanya ya kashe su ba, kuma a nan ne ya kamata kowa ya fahimci wani abu game da GPS: saurare kawai yake yi, bai magana. Zai faɗa maka inda kake, amma ba zai faɗa ma kowa ba. Don haka ne jiragen teku ke ɗaukar wata na'ura dabam da ke aika kiran neman agaji ta tauraro, direbobin hamada masu hankali kuma ke riƙe da wayar Thuraya, su kuma bar saƙo a tasha: ga hanyar da za mu bi, ga ranar da ya kamata a ji mu.

Abin da ya rage ga mai kaya da mai ofis

Ba wanda zai ce a jefar da allon. Ma'aikacin gidan gona ko na ruwa da aka tura Tesker ko gindin dutsen Termit zai iya komawa rijiyar da ya auna bara ba tare da ya yi yini yana bulayi ba. Mai kaya zai iya sanin ta inda motarsa ta bi. Manhajoji irin su OsmAnd, masu aiki ba rezo, suna ɗebo taswirarsu daga OpenStreetMap, wadda ƴan sa kai ke zanawa, kuma duk mai ilimin abin na iya ƙara ƙauye ko rijiyar da aka manta. Ga aiki nan ga ɗaliban jami'ar André Salifou da ma'aikatan taswira na ƙasa: tsofaffin madugai da direbobin da suka san wace rijiya ke ƙafewa a wane wata suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, abin da ke kansu kuwa ba a rubuce yake ba.

Kafin nan, ƙa'idodin da matuƙan teku suka koya da hasarar jirage sun isa a ara. A sauke taswira tun ana gari, a gwada ta da rezo a kashe. A tambayi shekarar da aka yi awon, don taswira ma tana tsufa. A bi hanyar duka bisa allon a buɗe, taki-taki, kafin a tashi. A rufe na'urar daga rana, a tanadi ta biyu da abin cajinta. A rubuta lambobin rijiyoyi bisa takarda, a riƙe kamfas, don su ba su cin batir. A ɗauki ruwan da ya wuce lissafin kwanakin tafiya. Kuma in za a bar hanyar da aka sani, kuɗin jagora ba ɓarna ba ne, ko da mai kaya na ganin na'ura ta isa. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata.

Da la'asar, in zafi ya sauka, motocin arewa na ɗaurin kaya a tasha, jarkokin ruwa rataye a gefe cikin buhunan da aka jiƙa. Yaran mota na ɗaure igiya, direba na duban wayarsa. Mai kayan da ya zo sallama, bayan ya ƙirga buhunansa, yana da damar ƙara tambaya biyu: wa ya san hanyar a cikinku, kuma wa zai nemo ku in ba a ji ku ba. Allah ya kai kowa lafiya, ya maido shi gida lafiya.